Sabuwar mota dal: wurin dilan kamfani, hannun masu kawo ta Dubai, ko wadda aka haɗa a gida?

Ka ɗauki Hilux ko Corolla sabuwa fil, leda ba a cire daga kujera ba, ka tambayi kuɗinta a wuri uku rana ɗaya: wurin dilan da ke da izinin kamfani, filin ɗan kasuwar da ke kawo motoci daga Dubai, sannan ka sa ejan ya lissafa maka abin da za ta ci in ka yi odarta da kanka. Farashi uku za ka ji, kuma tazarar takan kai miliyoyin naira. Nan take mai saye yake yanke hukunci cewa mai tsadar nan haɗama ce ta yi masa yawa. Wani lokaci haka ne. Amma in aka baje lissafin a faifai, ribar dila ƙaramin kaso ce a cikin abin da kake biya. Babban kason yana wurin dala da kwastam. Ragowar bambancin kuma kuɗin kasada ne: wa zai ɗauki asara in giyabos ya lalace a wata na takwas, in jami'an kwastam suka tare motar a hanyar Abuja, ko in naira ta faɗi kafin jirgi ya iso.

Inda kuɗin yake shiga

Mu yi misali da lambobi masu sauƙin bi. A ɗauka an sayi mota dala 25,000 a inda ta fito, jirgi da inshorar hanya suka ci dala 2,000, kuma ana lissafin dala a naira 1,500. Kuɗin motar a bakin tashar Legas ya zama naira miliyan 40.5. A kan wannan adadi ake ɗora haraji.

A tsarin da Hukumar Kwastam ta sanar a Afrilun 2022, sabuwar mota tana biyan kuɗin fito kashi 20 cikin 100, da wani harajin bunƙasa masana'antar motoci shi ma kashi 20. Kowanne miliyan 8.1 ke nan. Sai ƙananan caje-caje da ke biye: kashi 7 na kuɗin fiton kansa (naira 567,000), kashi 1 na asalin kuɗin motar don duba kaya (naira 375,000), da rabin kashi ɗaya na ECOWAS (naira 202,500). Bayan an tara duka sai a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan jimillar, wato harajin ma ana biya masa haraji: kusan miliyan 4.3. Gwamnati ta karɓi kimanin miliyan 21.7, motar ta koma miliyan 62.2 tun ba ta fita ƙofar tasha ba. Ƙara kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, ladan ejan da tirelar da za ta ɗauko ta zuwa Arewa, a ce miliyan 1.5. Mun kai miliyan 63.7.

Waɗannan kaso-kason ba sa zama wuri ɗaya. A tsarin motoci na zamanin Jonathan, kuɗin fito kashi 35 ne da ƙarin haraji kashi 35, jimilla 70. Dokar Kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin harajin zuwa kashi 5, sannan aka sake fasali a 2022, a 2025 kuma aka yi ta kai-komo a kan wani sabon caji na kashi 4. Saboda haka duk wanda zai yi wannan lissafi ya sa ejan ya buga masa kason da ke aiki a ranar. Tsarin ɗora wani a kan wani dai bai canza ba.

Akwai kuɗin da ba a gani a kowace takarda: zaman motar. Galibin diloli da bashin banki suke cika filinsu da motoci. Bayan da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bashin kasuwanci ya riƙa yawo a wajajen kashi 30 a shekara. Motar miliyan 63.7 da ta yi wata huɗu tsakanin biyan kuɗi a waje da samun mai saye ta cinye kusan miliyan 6.4. Uwar kuɗin gaskiya ta kai miliyan 70. In dila ya sayar miliyan 77, mai kallo daga waje zai ce ya ci miliyan 13. A littafinsa miliyan 7 ne, kashi 9 na farashin sayarwa, kuma a ciki zai biya haya, albashi, man janareta, masu gadi da la'adar dillali.

Sai maganar canji, wadda ita ce ta fi ɓata wa masu saye rai. Dila ba ya sa farashi da abin da ya sayo, da abin da zai sake sayo wata yake sawa. In dala ta tashi daga 1,500 zuwa 1,650, maye gurbin wannan motar zai ƙaru da kusan miliyan 6.2, domin kwastam ma da canjin ranar suke lissafi. Ribar nan ta miliyan 7 ta kusa tafiya a mako guda. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024 ya san dalilin da ya sa takardar farashin dila take cewa ta kwana uku ce ko bakwai. Abin da ba shi da daɗi shi ne in naira ta farfaɗo, farashin ba ya saukowa da irin saurin da ya hau. A nan kam mai saye yana da hujjar matsawa. (Mai saye a Maraɗi ko Yamai wannan ciwon kai ya yi masa sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro, nasa ciwon kan hanyar shigo da kaya ce tun da iyakar Benin ta rufe a 2023.)

Ribar fili da ribar bayan fage

Amurka ce wurin da ya fi sauƙin ganin yadda dila ke cin abinci, domin can komai a rubuce yake. Tun 1958 doka ta wajabta a liƙa takardar farashin kamfani a gilashin kowace sabuwar mota, ana ma kiranta da sunan Sanata Mike Monroney da ya kawo dokar. Ƙasa da wannan farashi da 'yan kaso kaɗan akwai wanda kamfani ya rubuta wa dila. Amma ko shi ba shi ne ƙarshe ba: kamfanoni da yawa suna riƙe kashi 2 zuwa 3 su mayar wa dila bayan ya sayar, ga kuma tukuici in ya cika adadin da aka yanka masa a wata ko a wata uku. Shi ya sa dila zai iya sayarwa a kan farashin da aka rubuta masa, ya rantse bai ci ko sisi ba, kuma ya ci. Sauran ribar tana fitowa daga haɗa mai saye da banki, sayar da inshora da ƙarin garanti, karɓar tsohuwar mota da araha, sai uwa uba garejin sabis da kayan gyara, wanda kusan rabin ribar diloli a can daga shi take fitowa. A 2021 da 2022, da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da masana'antu, dilolin suka riƙa ɗora dubban daloli a saman farashin gilashi, mutane kuma suka biya. Ribar dila ba ta da tsayayyen kaso. Yawan motar da ke ƙasa da yawan masu nema ne ke yanka ta.

A Najeriya babu takarda a gilashi, kuma hannuwan sun fi yawa. Kamfani yana sayar wa babban wakilinsa na ƙasa, wakili ya ba dilolin da ya amince da su, tsakanin dila da mai saye kuma sau tari akwai dillali ɗaya ko biyu. Kasuwar sabuwar mota ƙarama ce ƙwarai in aka gwada da ta Beljiyam, kuma manyan masu sayenta gwamnatoci ne, bankuna, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Wanda ke sayar da mota kaɗan dole ya ɗora wa kowacce kaso mai nauyi na kuɗin gudanarwa. Mai sayen guda ɗaya kuma shi ne ke biyan cikakken farashi, masu ɗaukar ashirin su ake yi wa ragi.

Dilan da ke da izinin kamfani

Toyota tana da Toyota Nigeria Limited da dilolinta irin su Elizade, Mandilas da R.T. Briscoe, ga kuma CFAO. Coscharis ke riƙe da BMW, Ford da Land Rover, Weststar da Mercedes-Benz, Dana da Kia, Stallion da Nissan da Hyundai, Massilia da Mitsubishi. A nan farashi ya fi tsada kusan kullum, kuma abu uku kake saye da ƙarin.

Na farko garanti, galibi shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Wasu kamfanonin Koriya da Sin suna kaiwa shekara 5. Na biyu motar da aka tsara don wannan yanki: injin da ke jure irin manmu, na'urar sanyaya mai ƙarfi, tsayi daga ƙasa. Na uku takardun kwastam da ba ka fargabar nunawa a kowane shinge. Akwai kuma kiranye: in kamfani ya gano aibi a wani rukunin motoci, wanda ya saya ta hannun wakili ne ke cikin rajistar da za a nema.

Garantin yana da sharaɗi, kuma a nan mutanenmu ke faɗawa rami. Dole kowane sabis a yi shi a garejin da aka amince da shi, a kan kilomitar da littafi ya faɗa, a buga hatimi. Ka tsallake juye ɗaya, ko ka kai wa bakaniken unguwa ya canza filta, ko ka sa mai wayarin ya yanka waya don ɗaura na'urar bin sawu, ka ba su hujjar ƙin biya ranar da babban abu ya lalace. Mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG a wurin da kamfani bai yarda da shi ba shi ma haka. Garanti kuma ba ya ɗaukar abin da ke cinyewa da amfani: taya, takalmin birki, faifan kuloci, da duk ɓarnar da gurɓataccen mai ya jawo.

Don haka tambayar farko ba ta farashi ba ce, ta nisa ce. In kana Gusau, Azare ko Mubi, ina garejin da aka amince da shi mafi kusa? In kowane sabis sai ka yi tafiyar awa biyar, ka kwana, ka dawo, to ka lissafa wannan sau goma sha biyar ko ashirin a tsawon garantin. Da yawa sukan gaji a shekarar farko su koma wurin bakanikensu, su yi asarar abin da suka biya tsada dominsa. Mazaunin Abuja, Kano ko Kaduna ba shi da wannan matsala sosai.

Masu kawo ta Dubai

Waɗannan 'yan kasuwa ne masu zaman kansu da ke saro sabbin motoci daga kasuwanni irin Al Awir da yankin Jabal Ali, su jera a filinsu. Sun fi araha, sun fi saurin kawo sabon samfuri, kuma sukan samo launi da kayan alatun da wakili bai kawo ba. Motar da aka ƙera don ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ta dace da Arewa ta fuskar zafi da ƙura. Rahusarsu tana da halastattun dalilai: ba su da gareji, ba su horar da makanikai, ba su ajiye kayan gyara, ba su ɗauke da nauyin garanti.

Amma akwai iyakar abin da waɗannan za su iya ragewa. Koma kan lissafinmu: motar miliyan 40.5 ce, haraji miliyan 21.7. In wani ya sallama maka irinta a miliyan 56, ba daga ribarsa ya rage ba, domin ko kuɗin shigowa bai kai ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai an rage darajar motar a takarda, ko an shigar da sabuwa a matsayin ta hannu don a biya ƙaramin haraji, ko an rubuta mata ƙaramin samfuri, ko kuma ta biyo daji da takardun wucewa zuwa Nijar. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Tsarin ƙiyasta haraji da lambar shasi da kwastam ta kawo a 2022 ya toshe wasu hanyoyin, bai toshe duka ba. Ranar da aka tare motar kuwa, wanda ke riƙe da makulli ake nema: ko a yanka masa cikon haraji, ko a tafi da ita. A 2019 kwastam ta garƙame filayen sayar da motoci da yawa a kan wannan batu, a 2024 kuma ta ba da wa'adin kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su je su daidaita.

Abin da za ka nema kafin ka ba da ko kafin alƙalami: takardar shigo da kaya ta kwastam, takardar ƙiyasin haraji, rasiɗin bankin da aka biya, da takardar fita daga tasha. Lambar shasi mai harufa 17 ta zama iri ɗaya a kan dukkansu, da ƙasan gilashin gaba, da jikin ginshiƙin ƙofa. Kada ka tsaya a ganin takarda, domin ana buga ta bogi mai kyau. Ka ɗauki lambar shigarwar ka je ofishin kwastam a duba a kwamfuta, ka ga nawa aka biya, kuma wace shekara da wane samfuri aka rubuta.

Sai duba motar kanta, domin "sabuwa" a bakin ɗan kasuwa tana da faɗi. Tsuguna ka karanta gefen taya: lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, 3823 na nufin mako na 38 a 2023. Buɗe ƙofar direba ka duba watan da aka ƙera ta a jikin ginshiƙi. Motar da ake kira ta bana amma ta shekara biyu tana shan ranar Dubai za ka same ta da batir mai rauni, robobi sun fara bushewa, man inji ya tsufa, tayoyi sun kwanta gefe ɗaya. Harafin farko na lambar shasi yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, K Koriya, L Sin, Hilux ta Thailand tana farawa da MR0, ta Afirka ta Kudu da AHT. Wannan yana da amfani domin akwai Corolla da Camry da aka ƙera a Sin don kasuwar Sin, sabbi ne na gaske, amma allonsu da Sinanci yake zuwa, wasu kayan jikinsu kuma ba su dace da waɗanda ke kasuwannin kayan gyara na Ƙofar Ruwa ko Panteka ba. In mai dizal ce da aka yi don Turai, tana da matatar hayaƙi da tankin wani ruwa na musamman. Man da sinadarin sulfa ya yi masa yawa da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari suna toshe matatar, motar ta rage gudu da kanta, gyaran kuma ba na kowane gareji ba ne. Tun bayan ambaliyar Dubai ta Afrilun 2024 ya kamata a ƙara da ɗaga kafet: nemi laka a ƙasa, tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, sannan ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa.

Garantin baki da mai fili zai ba ka, "in wani abu ya faru ka dawo, Alhaji, ai mun zama ɗaya", ba ya sayen giyabos. In zai bayar, ya rubuta wata nawa, me ya ƙunsa, a wane gareji. In ba haka ba, ka ware wani abu daga rarar da ka samu ka ajiye, kai ne garantin kanka.

Wadda aka haɗa a gida, da motocin Sin

Arewa ta san wannan hanya tun 1975 da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri. Yau akwai kamfanin Dangote Peugeot a Kaduna da ya fara aiki a 2022, Innoson a Nnewi, Nord, GAC ta hannun CIG Motors, Changan ta hannun Mikano. Tsarin gwamnati ya sauƙaƙa wa masu haɗawa haraji sosai: sifili ga kayan da aka kawo a wargaje gaba ɗaya, kashi 5 zuwa 10 ga waɗanda aka kawo rabi a haɗe. Kada ka zaci duk wannan rangwame zai iso aljihunka. Kayan da dala ake sayo su, wutar masana'anta tsada gare ta, adadin da ake haɗawa kuma kaɗan ne. Duk da haka, a kuɗi ɗaya za ka samu mota mafi girma, mai kayan zamani da garanti mafi tsawo fiye da ta Japan.

Inda lissafin ke juyewa shi ne ranar sayarwa. A ɗauka mota ta farko miliyan 77 ce, bayan shekara huɗu ta riƙe kashi 60 na darajarta: ka yi asarar miliyan 30.8. Ta biyu miliyan 58, ta riƙe kashi 40: asarar miliyan 34.8. Mai arahar ta fi cin kuɗi. Lambobin misali ne, amma kowane dillali a Kano zai gaya maka Toyota kuɗi ce a hannu, wata motar kuwa sai ta yi wata uku ana tayawa ana albarka. Faɗuwar naira takan rufe wannan: mutum ya sayar da motarsa fiye da yadda ya saya ya ce ya ci riba, alhali kuɗin ba za su sayo masa irinta ba. Da dala ake auna wannan, ko da farashin sabuwarta a ranar.

In za ka riƙe mota shekara takwas ko goma, darajar sayarwa ba ta da nauyi sosai, kayan gyara ne abin dubawa. Gwaji mai sauƙi: tambayi kuɗin fitilar gaba, gilashin gaba, bamba, takalmin birki da kwamfaresan na'urar sanyaya, kuma ka ce a nuna maka su a kan kanta. "Za mu yi oda" na nufin motarka za ta kwana shida ko mako shida a gareji saboda ɗan Adaidaita ya goge maka fitila.

Yin oda da kanka

A takarda ita ce mafi araha, tunda ka cire dila. A aikace ka zama dilan mota guda ɗaya, ba tare da sanin hanya ba. Za ka buɗe Form M, takardar neman izinin shigo da kaya, a banki, ka jira takardar ƙiyasin kwastam, ka tura dubban daloli ga wanda ba ka taɓa gani ba, cinikin biri a sama. Kwanakin kyauta a tasha kaɗan ne. Kuskuren harafi ɗaya a lambar shasi a takardar lodin jirgi ya isa ya tsayar da motar makonni, kuɗin ajiya yana hawa kullum. Canjin da za a yi maka lissafi da shi kuma ba na ranar da ka biya ba ne. Wannan hanya ta mai ejan amintacce ce wanda ya saba shigo da kaya, ko mai neman motar da babu ita a kasuwa. In ka bi ta, ka biya tirela ta ɗauko motar. Direban da zai koro ta daga Legas zai sa mata kilomita dubu da wani abu a kan sabon inji, da gudun da ba za ka so ka gani ba.

Bashi da inshora, inda ragin da ka samu ke komawa

Mutum zai yi awa biyu yana ciniki a rage masa miliyan ɗaya, sannan ya sa hannu a takardar banki da za ta ci masa goma sha uku a banza. Bashin miliyan 50 na shekara uku a kashi 20: in a kan ragowar bashin ake lissafi, kuɗin ruwan kusan miliyan 16.9 ne. In kuwa a kan cikakken adadin farko ake lissafi duk shekara, miliyan 30 ne, daidai da kusan kashi 33.6 a lissafin farko. Kashi 20 ake kiran su duka biyun. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: jimillar abin da zan biya daga yau zuwa ƙarshe nawa ne?

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz, TAJ da Lotus, suna yin murabaha: banki ya sayi motar ya sayar maka da ribar da aka sani, farashin kuma ba ya canzawa bayan an ƙulla. Amfaninsa a fili yake ga mai gudun riba da mai gudun hawan kuɗin ruwa a tsakiyar biya. Sai dai ribar bankin a kan farashin dila ake ɗora ta, don haka ka gama cinikinka da dila tukuna, ka kai wa banki takardar farashin da aka rage.

Duk motar bashi sai da cikakkiyar inshora ko takaful. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ce kada kuɗin cikakkiyar inshora ya gaza kashi 5 na darajar mota, wato miliyan 3.85 a shekara ga motar miliyan 77. Dila yana da kamasho in ta hannunsa ka yi. Kana da damar nemo naka kamfanin.

Wa ya kamata ya bi ina

Kamfani, ƙungiya, ko duk wanda motar ce jarinsa kuma tsayuwarta asara ce, ya tafi wurin dilan kamfani, in dai gareji yana kusa. Haka mai sayen mota mai haɗa fetur da lantarki ko mai kwamfutoci da yawa, domin abu ɗaya in ya lalace ya cinye rarar Dubai gaba ɗaya. Mai sayen Hilux, Hiace ko Land Cruiser mai sauƙin inji, da ke zaune nesa da garejin kamfani, kuma yana da bakanike nagari, hannun masu kawo ta Dubai ya fi masa, bisa sharaɗin takardu sun tabbata kuma rarar ta kai abin a zo a gani. A ganinmu in bambancin bai kai kashi 10 ba, bai kai a bar garanti dominsa ba. Mai kuɗi ƙayyadadde da ke son sabuwa ya riƙe ta da daɗewa, ya duba wadda aka haɗa a gida ko ta Sin mai wakili tsayayye a garinsa.

Ko'ina ka zaɓa, ciniki a kan jimilla ake yi. Ka ce a rubuta maka farashi guda da ya haɗa VAT, lamba, rajista da kawowa, domin wasu sai an yi musafaha suke tuno da VAT. Ka karɓi irin wannan takarda daga wuri uku, samfuri ɗaya, girman inji ɗaya, kayan ciki ɗaya. Rabin bambancin farashin da ake gani na samfuri ne, wannan mai kujerar fata, wancan mai yadi. Ka tambayi motar bara da ta rage a fili. Dilan da mota ta yi masa wata biyar yana biya mata kusan miliyan ɗaya da rabi duk wata, ya fi ka son a rabu. Ƙarshen wata uku da ƙarshen shekara ma lokacin sassauci ne, saboda adadin da aka yanka masa. In ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi a kan uwar kuɗi na ba ka," ba sai ka ƙaryata shi ba; ka ce to a ƙara sabis uku na farko kyauta, da lamba. Waɗannan sun fi masa sauƙin bayarwa fiye da rage farashi, kai kuma kuɗi ne. Baƙin gilashi, shimfiɗar ƙafa da man ƙyalli da ake cusa kuɗinsu a takardar farashi, ka sa a cire ka ga nawa ya ragu.

In za ka ba da tsohuwar motarka ka yi ciko, kada ka ambace ta sai an tsayar da kuɗin sabuwar, in ba haka ba abin da aka rage maka a nan za a zaftare shi a can. Dillali kuma a san tun farko wa zai biya shi la'ada da nawa. Wanda ya ce "ni ba na son komai a wurinka" an riga an sa nasa a cikin farashin.

Motar da ba ta iso ba, kafin alƙalami kawai ake bayarwa, kuma takardar ta faɗi lambar shasi, ranar miƙawa, ko farashin a tsaye yake in dala ta motsa, da yadda za a mayar maka da kuɗinka in ranar ta wuce. Cikon kuɗin sai ka ga motar da rana tsaka, ka gwada lambar jikinta da ta takarda, ka duba mita bai wuce 'yan kilomitoci ba (in ya haura 100 a yi maka bayani), ka ƙirga makulli biyu, safaya taya, jak, da littafin garanti mai hatimi ɗauke da kwanan watan ranar da ka karɓa, ba ranar da motar ta sauka a tasha ba.